Kwalbar da Aka Sallami Yaya da Ita

A cikin leda biyu ta kawo mini ita, ta riƙe da yatsu nesa da zaninta, kamar mai fita da mataccen ɓera. Ranar Asabar ce da hantsi, ina tsaka da gugar kayan aikina. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙi shigowa.

"Sista, karɓi wannan abu ki ajiye mini. Ba zai ƙara kwana a ɗakina ba."

A lokacin muna zaune a University Heights, cikin Bronx, bene ɗaya, ƙofarta tana kallon tawa. Ni 'yar Filato ce, Kirista, nas a wani asibiti, shi ya sa duk benen Sista ake ce mini. Ita Bahaushiyar Zangon Kumasi ce, Musulma, ta girme ni nesa ba kusa ba, don haka Yaya nake ce mata. Aikinta kula da tsofaffi a gidajensu: wanka, abinci, magani, kai su banɗaki. Mijinta ya rasu tun kafin ta zo Amurka, 'ya'yanta duk suna Gana.

Ba sai an tambaya me ya sa ta zaɓi ƙofata ba. Kowa a benen ya san ina shan ruwan inabi, don ban taɓa ɓoyewa ba. Kofi ɗaya ranar Lahadi bayan sujada, da shinkafa da miyar nama, wani lokaci biyu idan makon ya gallabe ni. Matan majami'armu sun yi mini faɗa har sun gaji. Akwai wata dattijuwa da ta hau jirgin ƙasa takanas ta zo ta yi mini wa'azi a falona, na bar ta ta gama, na ce mata ta je ta duba abin da mijinta ke ɓoyewa a bayan mota tukuna. Ba ta sake zuwa ba. Yaya kuwa ba ta taɓa ce mini uffan a kan wannan ba. Abu ɗaya take yi, idan ta shigo wurina ba ta shan ruwa da kofin gilashi, sai na roba. Ban taɓa jin haushi ba, ni ma na ware mata kofinta.

Na buɗe ledar. Kwalba ce ta jan ruwan inabi daga Ostareliya, an ɗaura mata jan ƙyalle a wuya. A jikin takardar an rubuta cabernet merlot, wato inabi iri biyu aka haɗa wuri ɗaya. Murfinta na murɗawa ne kamar na kwalbar man gyaɗa. Kallo ɗaya na yi mata na gane ta, amma na yi shiru.

Yaya ta jingina da ƙofa ta ba ni labari, ko da yake rabinsa na riga na sani. Tsohon da take wa aiki mutumin Ostareliya ne, ya zo New York tun yana saurayi, ya tsufa a nan, a wani gida a Manhattan mai kallon kogi da mai gadi a ƙofa. Wajen shekara shida tana tare da shi. Baba take ce masa. Ya rasu da shigowar sanyi. 'Yarsa guda ɗaya ce, tana zaune can Ostareliya. Ta zo aka yi jana'iza, Yaya ta taya ta tattara kayan gidan, littattafai da riguna da kwanuka, har aka share ɗakunan. Ranar ƙarshe 'yar ta rungume ta, ta yi kuka, ta ce mata ke 'yar gida ce, ta miƙa mata wannan kwalba, ta shiga tasi zuwa filin jirgin sama na JFK.

"Shi ke nan?" na ce.

"Shi ke nan."

A wurinmu, da mu da su, wanda ya yi wa gida hidima ba a barinsa ya tafi hannu rabbana. Albashi daban, sallama daban. Albashin Yaya kamfanin da ya tura ta ne yake biya, wannan ba ruwan kowa. Sallama kuwa gidan ne da kansa yake faɗin yadda ya ɗauke ka, kuma mutane suna kallo. Mahaifiyarta ta yi wa wasu Kwarori 'yan kasuwa aiki a Kumasi, aka sallame ta da keken ɗinki, har yau ana zancen keken nan a danginsu. Ita kuma Yaya ta daɗe tana gaya wa matan da suke adashi tare cewa Baba ya mai da ita 'ya, ba ya cin abinci sai daga hannunta. Yanzu ya rasu, matan suna jira su ji. Ga bikin suna yana tafe a gidan ɗaya daga cikinsu, duk za su hallara, kuma babu makawa sai sun tambaya.

"Direban nan ɗan Nijar na hawa na ƙasa ya ce akwai kwalbar Turawa da kuɗinta ya kai na mota," in ji ta. "Ba sayarwa zan yi ba, Sista, kuɗinta haram ne gare ni. So nake kawai in san yadda suka ɗauke ni. Ke kin san abin nan. Ki duba mini."

Na ce mata ba a gane ruwan inabi da ido, sai an ɗanɗana. Rabin gaskiya ke nan. Ba tausayi ne ya hana ni faɗa ba, ni dai ban ga dalilin ba da labari marar daɗi ranar hutuna ba, alhali a asibiti ma biyana ake yi in bayar.

"To ki ɗanɗana," ta ce. "Gobe idan kin dawo daga coci. A gabana."

Da yamma na fita cefane, na bi ta kantin giyar da ke ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, don kada in yi wa kwalbar mutane ƙarya. A New York ba a sayar da ruwan inabi a kantin abinci, sai a irin waɗannan kantuna, kuma namu na unguwa mai shi yana zaune ne a bayan gilashi mai kauri. Ga ta nan kuwa, irinta sak, jere a kanta ta ƙasa kusa da ƙofa, wasu ma ba a fito da su daga kwali ba. Kuɗinta bai kai na gasassun kaji biyu ba. Na tambayi mai kantin, ya ce tana tafiya sosai, ɗalibai da tsofaffi ke saye, kuma bai taɓa jin wanda ya dawo ya yi ƙorafi ba. Na sayi albasa a gaba na koma gida.

Ranar Lahadi ta shigo da carbinta, ta ja kujera zuwa bakin taga, ta ɗaga tagar duk da sanyin da ake yi, ta rufe hanci da gefen mayafi. Na ce, "Haba Yaya, ba gawa za mu buɗe ba." Ba ta yi dariya ba. Na murɗe murfin na zuba kaɗan a kofi.

Zan faɗi abin da na ji kamar yadda na faɗa mata, ba ragi ba ƙari. Launinsa ja ne mai duhu, ya fi zoɓo duhu. Ƙanshinsa na ɗinya ce da ta nuna sosai, a ƙarƙashi kuma akwai wani ɗan ƙanshi mai sanyi kamar na ganyen bishiyar turare, irin wadda ta cika Jos. Na kurɓa na riƙe a baki. Inabi na farkon, cabernet, shi ke da bauri, yana kama harshe da dasashi, idan shi kaɗai ne yakan yi tsauri. Na biyun, merlot, mai laushi ne, idan shi kaɗai ne kuma wani lokaci sai ya yi lami. Wanda ya haɗa waɗannan ya san abin da yake yi, don baurin bai yi yawa ba, laushin bai kashe shi ba. Ba ya ƙona maƙogwaro. Aibinsa ɗaya, ba ya daɗewa a baki, da ka haɗiye ya wuce, kuma ba irin wanda ake ajiyewa shekaru ya ƙara kyau ba ne. Na sha waɗanda suka ninka shi tsada a liyafar likitoci, wasunsu ba su kama ƙafarsa ba.

"Yana da kyau," na ce mata. "Allah ya sani yana da kyau. Mai gaskiya ne, ba ha'inci a cikinsa."

Ta sauke mayafin daga hancinta. "Ban tambaye ki daɗi ba, Sista. Daɗinsa ina ruwana? Mai tsada ne ko ba mai tsada ba ne?"

"Ba mai tsada ba ne."

"Kamar yaya?"

Na gaya mata kantin, da kantar ƙasa, da kwalayen, da kaji biyu. Ban iya kewaye-kewaye ba, kuma ita ma ba ta so.

Ta koma jan carbinta. A waje jirgin ƙasa ya wuce, tagar ta yi rawa. Na zuba abinci na tura mata faranti, ba ta taɓa ba. Can sai ta ce, cikin murya ta yau da kullum kamar mai ba da rahoton mara lafiya, "Na san kwalban nan paa, sarai na san shi. Irinsa Baba ke sha kullum da abincin rana. Kwali-kwali ake kawo masa. Na ɗauka mutum mai irin gidan nan ba zai sha abin banza ba."

"Ba abin banza ba ne," na ce.

"Bari in gama."

Ta ce tun ranar da ta fara aiki ta gaya masa ita ba ta taɓa kwalbar giya. Ya ce ba laifi. Sai ta ajiye masa kofi, shi ya ɗauko ya zuba da kansa, ya wanke kofin da kansa. Haka suka yi shekaru. Daga baya hannunsa ya fara rawa. Ya riƙa zubarwa a riga, a tebur, wata rana kwalbar ta kuɓuce ta fashe ya yanke a ƙafa. Ranar da ya kasa murɗe murfin gaba ɗaya, sai ya ture abincin ya juya fuska ga bango. Washegari ma haka. Likitansa ya ce kofi ɗaya ba zai yi masa komai ba, ya fi yunwa. Yaya ta je ta tambayi malaminsu bayan sallar Juma'a, malam ya ce babu hanya, mai zubawa ma yana da nasa laifi, ta nemi a canza mata gida. Ba ta nema ba. Ta koma ta murɗe murfin ta zuba masa, ya ci abinci. Daga ranar ita ke zubawa, har ya rasu. Tana gamawa sai ta je ta wanke hannu da sabulu, ta yi alwala, ta roƙi gafara a ɗakin da take salla.

"Ban taɓa gaya wa kowa ba," ta ce. "Kullum ina tsoron ranar da za a tambaye ni a lahira. Ashe abin kaji biyu ne."

Na yi ƙoƙari, ba zan ce ban yi ba. Na ce mata Turawa ba su san sallama irin tamu ba. Na ce wataƙila 'yar ta ga wannan shi ne abin da ubanta ya fi so, na ƙasarsu, sai ta ba ta don tunawa, a wurinsu wannan girmamawa ce. Har yanzu ina jin haka ne ma ya faru. Amma ni kaina ina magana raina yana ɓaci, don ko mahaukaci ya ga mace da mayafi da carbi ya san ba kwalba ake miƙa mata ba.

Yaya ta dube ni. "Tare da 'yar muka naɗe dardumata ranar da muka share ɗakin. Ita ta miƙo mini."

Ta tashi ta rufe mini taga, ta ce in shanye abina ko in zubar, duk ɗaya ne a wurinta. Na shanye shi a cikin makon. Da naman rago ya fi tafiya, kuma a rana ta uku ya fara tsami, kamar yadda irinsa ke yi. Tun daga nan nakan saye shi jefi-jefi, don a kuɗinsa ban ga wanda ya fi shi ba.

Asabar ta gaba ta ƙwanƙwasa mini ƙofa cikin shirin fita, ta ce in raka ta Canal Street. Ban tambaye ta me za ta saya ba. Muka hau jirgin ƙasa muka gangara Manhattan. A Canal 'yan uwanmu masu shimfiɗa kaya a bakin titi suna ta kira, jaka, agogo, tabarau, wani ɗan Nijar ma ya gane ta ya ce, "Hajiya, zo ki ga agogo, ba mai gane ba na asali ba ne." Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta wuce kai tsaye zuwa wani kantin zinariya, ta sa aka fito mata da awarwaro. Ta ƙi na farko ta ce ya yi siriri, ta ƙi na biyu ta ce ya yi kama da na 'yan mata. Ta zaɓi wani mai kauri, marar ado da yawa, ta sa aka auna a gabanta, ta ce a nuna mata hatimin da ke ciki. Ta nemi a sa mata shi a akwati mai kyau. Yadda ta biya ban duba ba, na juya ina kallon 'yan kunne.

Da muka fito na ce, "Yaya, wannan fa?"

"Sallamata ce," ta ce. "Daga gidan Baba."

"Au."

"Kin ji ni ko?"

"Na ji."

An yi sunan a wani zaure da suke haya a kusa da Fordham, da rana. Ni kaɗai ce Kirista a teburinmu, kuma kamar kullum an cika mini faranti da shinkafa da wake irin tasu ta Gana, da taliya a kai da dafaffen ƙwai. Yara suna ta guje-guje, iyaye suna yi musu tsawa da Hausa suna amsawa da Turanci. Yaya ta sha farin leshi, awarwaron yana hannun dama. Ba ta nuna wa kowa ba, ta dai miƙa hannu ta karɓi jaririn, shi ke nan aka gani.

Kai, zo ka ga mata. Aka riƙa juya hannunta kamar ba nata ba. Wannan ta ce a ba ta ta ji nauyinsa, waccan ta ce wallahi na asali ne. Uwar adashinsu, wata ƙatuwar mace mai shagon kitso, ta ce, "Ni dama na faɗa, Turawan nan idan suka san darajar mutum sun fi namu sani." Wata da ke irin aikin Yaya ta ce ita tsohuwar da ta kula da ita ta mutu, ko na gode ba a ce mata ba. Yaya ta ce kowa da rabonsa, ta ce 'yar Baba ta yi kuka ranar da za su rabu. Wannan kam gaskiya ne. Uwar adashin ta juyo gare ni da baki cike da nama ta ce, "Sista, ke maƙwabciyarta ce, kin gani ko?" Na ce na gani, zinariya ce tsantsa, kuma Yaya ta cancanci fiye da haka. Aka ce ƙwarai kuwa, aka koma kan zancen mai jego.

Mun dawo gida kafin la'asar ta wuce, don tana so ta yi salla a ɗakinta. Na'urar hawa bene ta lalace kamar yadda ta saba, sai muka bi matakala, ni a gaba da ledar abincin da aka ƙulla mana, ita a baya tana dafa ƙarfe. A tsakiyar hanya na ji ta tsaya. Na juyo, na ɗauka gwiwa ce. Tana tsaye tana ƙoƙarin zare awarwaron, ya maƙale a ƙashin hannu. Na ajiye ledar na taya ta murzawa har ya fita, ya bar mata jan shati. Ta riƙe shi a tafin hannu, ba ta kalle shi ba, ba ta kalle ni ba.

"Ni na rufe wa Baba ido, Sista," ta ce. "'Yarsa tana cikin jirgi. Hannuna ya riƙe, ba na kowa ba."

Na ce na sani, ko da yake ban sani ba sai a lokacin. Ta jefa awarwaron a jaka, ta lalubo makullinta, muka ci gaba da hawa.